Gero Na Nan, Mu Ma Muna Nan

Shekarun baya, lokacin da nake ganin kaina wani shahararre alhali ko a layinmu ba a san ni da waƙa ba, na taɓa cika baki cewa ni da amshi har abada. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni a shafin nan dalilin da ya sa duk waƙoƙina da amshi suke farawa, na ce ya ba ni lokaci zan ba da labari. To, ga shi.

Ni da abokina muka buɗe situdiyo a Ƙauran Namoda. In na ce situdiyo, kada ranku ya kai ku nesa. Shagon ƙofar gidanmu ne, inda marigayi mahaifina, wanda malamin makaranta ne, yake ajiye kekensa da tsofaffin littattafai. Muka manna kwalayen ƙwai a bango, muka rataya bargo a ƙofa, ga kwamfuta ɗaya mai ɗaukar zafi kamar tanda, ga makirufo ɗaya da muka sa wa safa. Abokina ke haɗa kiɗa, ni ke rubutu da rerawa. Ba mu da ubangida, ba mu yi wa ɗan siyasa, ba mu yi wa 'yan fim. Da wannan muke tinƙaho, ko da yake gaskiyar magana ita ce babu ma wanda ya neme mu.

A shekarun nan, yayin da ake yi tsakanin irinmu masu cin gashin kansu shi ne gambarar zamani: ka zuba baiti mai tsawo, ka cika shi da zurfafan kalmomi, ka yi ta bayani har numfashi ya ƙare. Amshi kuwa muna ganinsa kayan 'yan biki ne. In muka ji waƙar da yara suka kama a bakin titi, sai mu taɓe baki mu ce ai wannan alewa ce, mu abinci muke dafawa. Mu masu saƙo ne. Akwai waƙata guda mai minti bakwai da ta taɓo noma, da ilimi, da tsadar taki, da halin 'yan mata, duk a ciki, kuma babu layi ɗaya da ya maimaita kansa. Ina ji da ita ƙwarai.

Akwai kuma wani dalili da ban taɓa faɗa wa ko abokina ba a lokacin. Kawuna, yayan mahaifiyata da ke Dauran, ɗan amshi ne. Ya shafe kusan shekara talatin yana tsaye bayan wani makaɗin noma yana karɓa masa, har makaɗin ya rasu. Tun muna firamare ake tsokanata da shi, a ce mini ɗan gidan 'yan amshi, in na yi magana a aji wasu su haɗa baki su karɓa. Abin ya zauna mini a rai. Shi ya sa da na fara waƙa na ƙudura cewa ni a gaba zan tsaya, ni kaɗai, kuma ba zan bar wa kowa wurin da zai sa baki ba.

Ranar da aka yi ruwan shuka na shekarar, mahaifiyata ta ɗaga bargon ƙofar shagon ta leƙo. Ba ta saba shigowa ba. Ta dubi kwalayen ƙwai, ta dube ni.

"Ɗan nan, shekara nawa ke nan kana kulle cikin ɗakin ga kana hwaɗa da bango?"

Na ce, "Inna, ai waƙar saƙo ta, ba ta rawa ba."

"Saƙo wurin wa? Ni dai ban taɓa jin waƙarka ga bakin kowa ba in ba naka ba. Ga ƙanwarka ta ƙare koyon ɗunki, kekenta na cikin ɗakina kullum ina tuntuɓe da shi. Ka jiya da kyau. In anka kai gero rumbu bana ban ji waƙarka ga bakin wani ba, ka kwashe kwalayen ƙwanka, shago nata na."

Ta juya za ta tafi, sai ta dawo. "Kuma ba abokinka ba, ba wanda kar roƙa ba. Da kunnena nika son in ji."

Duk wanda ya san mahaifiyata ya san ba ta magana biyu. Kuma ni na san in shagon nan ya tafi, waƙa ta tafi, domin ba mu da inda za mu kai kayanmu. Amma da yake girman kai rawanin tsiya ne, sai na ce wa abokina matsalarmu ɗaya ce, ba a ji mu ba ne kawai. Mu kai waƙar nan mai minti bakwai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, daga nan za ta bazu har Nijar.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake a wurinmu ba, waƙa ba ta yawo sai ta hannun masu turi. Mutum ne zaune ƙarƙashin lema da kwamfuta da lasifika. Kai mai waya ka miƙa masa memorinka, ya riƙa sako maka farkon waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi maka ka ce "tura", wadda ba ta yi ba ka ce "wuce". Hukuncin ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Muka sami wani mai turi dattijo-dattijo, mai haƙuri, ya karɓi waƙarmu ya ce mu zauna mu gani.

Na farko da ya zo wani mutumin Katuru ne da igiyar akuya a hannu. Mai turi ya sako tamu. To, farkon waƙar nan ƙarar tsawa ce, sai iska, sai ni ina gaishe da unguwannin Ƙaura ɗaya bayan ɗaya cikin wata murya da nake ganin ta manya ce. Ban ma kai ga baitin farko ba mutumin ya ce, "Wuce." Na biyu ya ce wuce. Na uku ko magana bai yi ba, hannu kawai ya kaɗa. Da mai turi ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya tausaya ya sake ta ta tafi har ƙarshe a lasifika, minti bakwai cur. Tana ƙarewa wata mai awara da ke gefe ta ɗago kai ta ce, "Malam, wanga sanarwa ta ko wa'azi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Mai turi ya jawo ni gefe ya ce, "Samari, ni ba mawaƙi ba na. Amma shekarun da niy yi nan na lura da abu guda. Wanda duk yat tashi nan da waƙa, ga baki shika tahiya da ita tun kahin ta shiga memori. To kai mi za a ɗauka cikin taka?"

A motar komawa, sai da muka kusa gida abokina ya ce, yana kallon waje, "Ka je wurin kawunka." Na ce masa ya kiyaye ni. Na yi mako biyu ina fushi da shi, da mai turi, da mai awara, da duk mutanen Shinkafi waɗanda a ganina ba su san waƙa ba. Ana nan kuwa ƙanwata ta fara shigowa shago da tef ɗin awo a wuya, ta auna bango, ta auna taga, ta ce mini, "Yaya, ci gaba da aikinka, ni ba ni hana ka, ina dibin inda teburi za shi zamna na."

Tef ɗin nan ne ya karya ni.

Ana cikin haka yayata da ke aure a Zurmi ta haihu, mahaifiyata ta shirya tafiya zaman jego na kwana arba'in. Na ce zan raka ta, amma a Dauran zan sauka in gaida kawu. Ta dube ni sama da ƙasa, domin rabona da gidansa tun wata Sallah mai nisa. Ta ce, "In roƙo za ka sa shi yi mini kan shago, kak ka wahal da tsoho." Na ce gaisuwa ce kawai. Ta ce, "Allah shi sa."

Na sami kawuna a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya karɓe ni kamar jiya muka rabu, bai ce ina na shige ba, abin da ya ƙara ba ni kunya. Bayan an ci an sha na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai na fito da waya na kunna masa. Shi ne mutum na farko a duniya da ya saurari waƙar nan daga farko har ƙarshe da son ransa. Ido rufe, bai motsa ba.

Da ta ƙare ya ce, "Hausa ta yi. Ka iya magana, ɗan malam na kai." Har na fara kumbura. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ina wurin mutane?"

Na ce, "Waɗanne mutane, Kawu?"

"Masu ji. Ka gina ɗaki mai kyau ka mance ƙohwa, kai ɗai ka ciki. Kwana nan, gobe akwai gayya."

Washegari da sassafe muka fita gonar wani maƙwabcinsa, dattijo, wanda ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu. Gonar tana nan kusa da gari, domin a shekarar ba kowa ke iya zuwa gonakin nesa ba, kun dai san halin da yankinmu ya shiga. Majiya ƙarfi sun kai ashirin, sun jeru kowa da kunyarsa, ga wani tsoho da gangar noma a kafaɗa. Ni na zo da farin takalmi da tabarau, a zatona zan tsaya gefe in yi nazari. Kawuna ya miƙo mini fartanya.

"Duƙa. Yi waƙar taka."

Na duƙa. Na fara sara, na fara baitin nan nawa da ke bayanin tsadar taki. Layi na farko ya fita. Na biyu ya fita da ƙyar. A na uku sai numfashi ya ce shi fa ba zai yi aiki biyu ba, in zaɓi ɗaya. Na miƙe ina haki, tabarau ya faɗi cikin kunya, na kusa sare shi. Dariya ta tashi daga wannan gefen gona zuwa wancan. Wani ya ce, "Ɗan birni, ka hwaɗi sauran ga takarda ka aiko muna!"

Kawuna bai yi dariya ba. Ya zo kusa ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Amshi numfashi guda na. Abin da mutum ka iya hwaɗi shina duƙe, tsakanin sara da sara. In yaw wuce haka, naka na kai ɗai. Kuma ba a roƙon shi. Ka jehwa sau ukku. In sunka ɗauka, ya zama nasu. In ba su ɗauka ba, ka yar, ko da kana son shi kamar ranka."

Ashe haka suke yi shi da maigidansa duk tsawon shekarun nan. Ba a zama a ɗaki a yanke cewa amshi ya yi. Gona ake kai shi, masu fartanya su yi hukunci.

Na koma na duƙa, na jefa na farko: "Manomi ginshiƙin arzikin ƙasa." Sau uku. Babu abin da ya amsa mini sai ƙarar fartanya, sai kuma wani da ya ce, "Rediyo ta iso." Na jefa wani a kan zufa da albarka, shi ma ya faɗi ƙasa. Na jefa na uku, mai ganga ma ya ƙi bi na. Kafin rana ta take tafin hannuna ya yi ƙulli biyu na ruwa, bayana kamar ba nawa ba, na fara tunanin wataƙila ɗinki ya fi dacewa da shagon nan.

Da aka kawo fura muka zauna inuwa. Na sami kaina kusa da mai gonar, don in ɓoye kunyata sai na ja shi da hira, na tambaye shi yaya suke ji da zaman nan. Ya ce ƙannensa biyu sun kwashe iyali sun koma Ƙaura, babbar gonarsa ta daji shekara biyu ke nan ba a sa mata iri ba, 'ya'yansa kullum waya suke yi ya taso. Ya kurɓi fura, ya dubi geron da ya kai gwiwa yana kaɗawa, ya ce, "To in tahi ina? Gero na nan, mu ma muna nan."

Bai faɗe ta don ta zama komai ba, ya ma ci gaba da shan furarsa. Amma na ji kawuna ya ɗan taka mini ƙafa.

Da aka koma aiki na duƙa. Na saurari yadda fartanyu ke sauka, na ɗora maganar a kai. "Gero na nan," sara, "mu ma muna nan," sara. Jifa na farko, mai ganga ya juyo ya kama. Na biyu, shiru, kawuna ma ya ƙi taimaka mini, bakinsa gum yana ta nomansa. Na jefa na uku, na ƙarshe. Sai can ƙarshen layi, mutumin nan da ya ce rediyo ta iso, na ji ya karɓa. Na kusa da shi ya karɓa. Kafin in ɗago, gona duka ta ɗauka, mutum ashirin baki ɗaya, fartanyu na sauka tare. Sai a sannan kawuna ya shigo, da wata murya siririya mai ƙarfi da ta hau saman ta kowa ta riƙe su. Ban taɓa sanin yana da ita ba. Na ci gaba da sara ina share ido da kafaɗa, ina yi kamar zufa ce.

Mai gonar ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallonmu. Ya ce, "Kai, wanga yaro ɓarawon magana na!" Na je na durƙusa na nemi izininsa. Ya ce in ɗauka, ai ba ta rage masa komai ba.

Bayan kwana uku na ɗauko kawuna da mutum biyu cikin 'yan gayyar zuwa Ƙaura. A ƙofar situdiyo ya tuɓe takalmi, ya shiga yana kallon kwalayen ƙwai, ya tambaya ko kaji muke kiwo a da. Wahalar da muka sha ita ce tsayar da shi gaban makirufo. Mutumin da ya yi shekara talatin a bayan wani, ƙafarsa ba ta san gaba ba. Da an fara sai ya ja da baya taki ɗaya. Abokina ya matsa da makirufo, ya sake ja. Haka suka yi ta yi har bayansa ya taɓa bango, babu sauran wurin gudu, a nan aka ɗauki muryarsa.

Ni kuma aka zo kaina, domin tsohuwar waƙar nan tawa muka ɗora wa sabon amshin. Abokina ya yanke tsawa, ya yanke iska, ya yanke gaisuwar unguwanni. Baitocina goma sha wani abu ya mayar da su uku, gajeru, kowanne yana kai mutum ga amshi. Kowane layi da aka cire sai in ji kamar haƙori aka cire mini, na yi ta gardama, kawuna na zaune a ƙasa yana cewa, "Yar." Waƙar ta buɗe da muryarsa shi kaɗai, babu kiɗa, sannan ganga ta shigo, sannan sauran.

Alhamis ta zagayo muka koma Shinkafi. Mai turi ya gan mu ya yi murmushin tausayi, ya karɓa, ya sako. Ni dai ba fuskar masu waya nake kallo ba, mai awara nake kallo. Amshi ya zagayo na biyu sai na ga matsaminta yana buga gefen kasko daidai da ganga. Na uku, bakinta ya fara motsi. Wani mai ɗauke da buhu ya tsaya ya ce, "Wagga ta wa ta? Tura min." Mai turi ya dube ni ya ce, "To, yau ka zo da abin ɗauka."

Daga nan abin ya fi ƙarfinmu. Cikin 'yan makonni na ji ta a bakin ɗan acaba a Ƙaura, na ji ta wurin masu wankin mota a bakin gulbi, na ji masu dakon gero suna yin ta. Babu wanda ya san fuskata, ba a ma san sunan mai waƙar ba, "gero na nan" kawai ake ce mata. Amma duk wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin sharaɗin kunnen mutum ɗaya ne, kuma tana Zurmi cikin gida tana dafa ruwan wanka. Ba ni da ikon in kira ta in ce ta saurara, hakan ya zama roƙo. Ƙanwata ta san komai, ta kuma yi mini alkawarin ba za ta faɗa ba, ta ƙara da cewa ita hakan ma ya fi mata. An fara yankan gero, ana cin tumu, ita kuma ta ci gaba da zuwa da tef ɗinta.

Mahaifiyata ta dawo wata ranar da la'asar, daidai lokacin da amalanken shanu ke shigowa gari da dammunan gero. Bayan gaishe-gaishe ta zauna a tabarma tsakar gida tana kwance tsaraba, kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, ni da ƙanwata muna gefe. Ni dai jira nake ta ta da maganar shago. Sai na ji tana wani ɗan gunguni a hanci tana ƙulla leda. Na kasa kunne. Na dubi ƙanwata, ita ma ta dube ni.

Ba ta tsaya nan ba, ta buɗe baki ta rera shi sarai, sau biyu, har da kaɗa kai. Sannan ta nuna ni da ƙullin daddawa.

"Kai, ka ji waƙa nan. Biki anka yi maƙwabtan yayarka, mata sunka wuni suna yin ta wurin daka, har ni sai da nis sa baki. Magana 'yar guntuwa, amma ta shiga rai. Irin ta za ka yi da kana da kunne, ba wannan dogon surutu naka ba. Ko ɗan wa na yay yi ta, Allah shi yi mai albarka, shi ji daɗin uwayenai."

Ƙanwata ta ce "amin" da ƙarfi, sai dariya ta ƙwace mata, ta kife a kan tabarma. Mahaifiyata ta ce, "Ke kuma lahiya?" Ni kuwa na ciro waya, na kunna, na ajiye a gabanta.

Muryar kawuna ta fito ita kaɗai.

Hannunta ya tsaya a kan ledar. Ta saurara har ganga ta shigo, har muryata ta shigo da baitin farko, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ido kan wayar. Da waƙar ta ƙare ta ce a hankali, "Yaya na?"

Na ce, "Shi na, Inna."

"Sake."

Na sake. Ta ja gefen mayafi ta goge ido, ba ta ɓoye ba. Ta ce tun tana yarinya take bin su gona tana jin sa a bayan mutane, ba ta taɓa jin muryarsa ita kaɗai ba sai yau. Can ta gyara zama, ta dawo mahaifiyata da na sani, ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, kekenki shi ƙara haƙuri." Ta juyo kaina. "Kai kuma kak ka ga na yi kuka ka ɗauka wani abu na. Da ka ji maganata tun hwarko da ba a kai haka ba." Wace magana ce, har yau ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Na ce, "Inna, albarkar fa? Ai ɗan wasu kinka sa ma."

Ta ce, "Ta riga ta hita. Riƙe abinka."

Bayan girbi ni da abokina muka kafa wa ƙanwata rumfar kwano jikin shagon, da hannunmu. Tana nan har yanzu, ta ma fi mu ciniki, kuma ita ce ma'aunina na kusa: in na sako sabon amshi na ji ƙafarta a kan keke ta bi shi, na san ya yi. Fartanyar da kawuna ya ba ni ranar gayya tana rataye bayan ƙofar situdiyo. Duk waƙar da zan fitar sai na sauko da ita, na duƙa a tsakar ɗaki, na faɗi amshin tsakanin sara da sara. Yaran da ke zuwa ɗaukar waƙa suna dariya, ni ma ina taya su.

Yanzu in kun lura, amshi ya dawo ko'ina. Matasan da ke waƙa da ƙarfin kansu, waɗanda da suke gudunsa irina, kowa da shi yake buɗe waƙa. Wasu na cewa sabon salo ne da waya ta kawo, wai mutanen yanzu ba su da haƙurin sauraro. Ni dai ban musa ba, amma na san mutanen Dauran ba su da waya lokacin da suka kafa dokar jifa uku. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da na gane shi ne, shekarun da na yi ina ƙin amshi ba zurfin tunani ba ne, rowa ce. Ina son waƙar ta zama tawa ni kaɗai, ta kuwa zama, babu wanda ya taya ni riƙo.

Kawuna ya tsufa sosai yanzu, ba ya zuwa gona, amma in ka bi ta ƙofar gidansa ka ce "gero na nan", zai ɗago kai ya ƙarasa maka. Mahaifiyata kuwa har gobe tana gaya wa baƙi cewa ita ta gano waƙar nan a Zurmi tun kafin kowa ya san ta. Ba na gyara mata. Na hau manyan dandamali tun daga lokacin, an tafa mini, an karɓa mini amshi har na daina jin muryata. Amma a duk abin da waƙa ta ba ni, babu wanda ya kai albarkar nan da aka sa wa ɗan wasu, ta zo ta same ni zaune a tsakar gidanmu.